Monitar Aku

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Yana bin jirgin kaya daga Kafanchan zuwa kudu ya dawo, kuma duk dawowa da tsarabarsa: wata rana kwakwa, wata rana busasshen kifi mai cika gida da wari, wata rana ba komai sai labarin ƙarya. A daminar da nake aji biyar, cikin shekarun saba'in, ina yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, ya shigo gidanmu da kwalin sabulu da aka huhhuda, ya dire a gabana ya ce in buɗe a hankali.

Ɗan aku ne a ciki. Jikinsa launin toka, idonsa baƙi wuluk, wutsiyar ko gama ja ba ta yi ba. Ya takure a lungun kwali cikin kashinsa yana gurnani.

"Naka ne, yarinya," in ji Kawu da irin Hausarmu ta Kafanchan, wadda ba ta raba "ka" da "ki". "Ka ba shi gyaɗa, ka ba shi hira. Shi ke nan aikinsa."

Kwana biyu bai ci komai ba. Mama ta ce kada in sa rai, irin waɗannan da an raba su da daji sai su mutu don fushi. A rana ta uku na tauna gyaɗa na tara a leɓena na kai bakina kusa da nasa. Ya dube ni da ido ɗaya, ya juya ya dube ni da ɗayan, sannan ya miƙo baki ya ɗauka. Tun daga ranar ya zama nawa da gaske. Kawu ya sa wani maƙeri a bayan loko, wurin gyaran jiragen ƙasa, ya haɗa masa keji da waya da katako, muka rataye a baranda.

Babana shi ne hedimastan makarantarmu, gidanmu kuma yana bayan azuzuwa. Da an tashi, in na ci abinci na wanke kwanuka, sai in shigo da kejin falo, in rufe ƙofa da tagogi, in buɗe masa. Daga ƙarfe uku zuwa huɗu falon nasa ne. Zai sauko da baki da ƙafa, ya yi ta yawo a siminti da tafiyarsa ta gwame, ya ja zaren rigar kujera, ya ture kwalbar furen roba, ya kama gefen siket ɗina ya hau har kafaɗa. Can zai sunkuyar da kai ya buɗe gashin wuya don in sosa masa. In na daina ya ja min kunne a hankali.

A wannan awa ɗaya ya koyi abubuwa da yawa, ni kuwa ban san koyarwa nake yi ba. In na miƙa yatsa na ce "hau", ya hau. In na kaɗa yatsu daga wancan bangon, ya taho da gudu. Yana ɗaukar marfin kwalbar lemo ya jefa a gwangwanin madara, ya tsaya yana jiran ladarsa, rabin ƙwayar gyaɗa. Ranar da ba ya so, ba ya yi, sai mu bar shi mu yi wani wasan. A nan ne kuma bakinsa ya fara buɗewa. Ya kama usur ɗin jirgin yamma, ya kama tarin Mama, ya kama kukan ƙofar kicin. A keji ba ya yin ko ɗaya. Sai yana kafaɗata ko kan kujera, cikinsa a ƙoshe, sannan zai fara zuba.

Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so wannan awa ba. Shi ma haka. Tun ƙarfe biyu da rabi yake maƙale a ƙofar keji yana jiran ƙarar kwanuka ta ƙare.

Abin da ya lalata mana shi ne ƙararrawar makaranta, wani guntun ƙarfen layin dogo da aka rataye a mangwaro. Wata Asabar da yamma Baba yana ɗakinsa yana duba rajista, sai ya ji an kaɗa ta. Ya fito da bulala a hannu yana neman ɗan wa ke wasa da ƙararrawa ranar da babu makaranta. Ya zagaya fili bai ga kowa ba. Da ya dawo falo sai aku ya sake kaɗa masa daga kan kujera, tsaf, har da 'yar rawar da ƙarfen ke yi a ƙarshe.

Baba ya daɗe a tsaye yana kallonsa. Na san wannan kallon. Da shi yake kallon yaro mai ƙwaƙwalwa da ya kama yana wasan banza.

Bari in faɗi wane ne babana, kada a ɗauka mugu ne irin wanda gari ya sani. Ba ya sha, ba ya zagi, dattijo ne a ikilisiya, kuma yaran ƙauye da yawa daga wajen Fadan Kagoma sun yi karatu ne don ya je har gona ya roƙi iyayensu. Amma ya gaskata da zuciya ɗaya cewa duk kan da ya iya ɗaukar shirme zai iya ɗaukar darasi, in an matsa masa. Yana kuma da tsarinsa da yake alfahari da shi. Kowane aji da monita. In aji ya yi surutu, ko ya kasa haddar lissafi, ba ajin ake fara duka ba, monita ake duka. Dalilinsa shi ne monita yana tare da yara a inda malami ba ya zuwa, shi ya san inda zai matsa su ji. Tsarin yana aiki kuwa. Makarantarmu tsit take, monitocinmu kuma babu mai cin abinci da su.

"Kan da ya riƙe ƙararrawa zai riƙe Turanci," in ji Baba. "Sufeton makarantu yana zuwa ƙarshen zango, kuma a gidan nan zai ci abinci. Tsuntsun nan zai gaishe shi. Ke ce monitarsa."

Na ji daɗi, wallahi. A aji ba a taɓa ba ni monita ba.

Washegari bayan sujada ya rubuta taimtebul da jar biro a bayan kwali ya ɗaure a jikin keji. Darasi ɗaya ne: "Gud monin, sa." Zan faɗa masa sau hamsin da safe kafin asambuli, sau hamsin da yamma. Kowace Asabar akwai jarrabawa. Ƙasa kuma ya ja layi biyu ya rubuta dokar da ta fi kowace: babu fita daga keji sai ya ci jarrabawa. A wajen Baba fita hutu ce, hutu kuma sai wanda ya yi aiki.

Mama tana tankaɗen acca a baranda ta ce, "Malam, wannan fa tsuntsu ne, ba ɗan makaranta ba."

"Shi ya sa za a yi mamaki," ya ce.

Mako bakwai ne tsakaninmu da zuwan sufeto. A na farko na yi abin da aka ce. In tsaya gaban keji in yi ta maimaitawa har bakina ya bushe, shi kuma yana maƙale a ƙofa yana sunkuyo min da wuya ta tsakanin waya. Ƙarfe uku na yi sai ya fara ihu, ya ciji ƙugiyar ƙofa, ya sauka ya hau, ya sauka ya hau. Nakan sa yatsa in sosa masa ina kuka, ina roƙonsa ya faɗa mana mu huta.

Asabar ta zo. Bayan addu'ar safe Baba ya tsaya gaban keji, bulala a hammata, ya yi gyaran murya kamar ya shiga aji shida. Aku ya dube shi, ya sosa kai da ƙafa, ya yi shiru.

"Monita, miƙo hannu."

Uku ya ba ni. Asabar ta biyu, huɗu. Baba ba ya duka da fushi, a natse yake yi yana ƙirgawa, in ya gama ya ce Allah ya ba da sa'a mako mai zuwa. Na koma bayan gida ina hura tafin hannuna, sai na jiyo akun daga baranda yana kiran da yake min in ya ga ƙarfe uku ta kusa. Ni ake duka, shi yana neman wasa.

Na san inda zan matsa ya ji, kamar yadda Baba ya faɗa. Babu wanda ya san tsuntsun nan kamar ni.

Na fara da gyaɗa. Na daina ba shi, sai tsakin masara kaɗan da ruwa. In zauna gaban keji in ɓare gyaɗa a hankali, in nuna masa, in ce "Gud monin, sa", in jira. In bai faɗa ba in jefa a bakina in tauna yana kallo. Da hakan bai yi ba, na zaro tsinke daga tsintsiyar kwakwa. Ƙafafunsa ne wurin dukan. In ya kama waya da yatsunsa sai in tsula masa, ya saki ya faɗa ƙasan keji, ya sake hawowa wajena, don bai san wani wurin zuwa ba. Na ji wata yarinya a aji ta ce a garinsu kife aku ake yi a duhu sai ya yi magana. Na sauke kejin na kifa masa bahon wanki, na yi ta dukan bahon da muciya ina ihun darasin. Da na ɗaga, ya yi kashi a jikinsa yana rawar ɗari.

Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da ɓawon kwakwar manja a ƙasan keji. Na san aikin Mama ne, ita ke ba shi a ɓoye. Monita kuwa aikinsa rubuta suna. Da Baba ya zauna cin abinci na tsaya a gabansa, hannu a baya, na kai ƙarar uwar da ta haife ni. Ya kira ta ya yi mata faɗa a gabanmu, ya ce tana ɓata masa ɗalibi. Da ya fita ta dube ni sama da ƙasa.

"Yarinya nan, ka ji tsoron Allah," ta ce. "Ni ban haifi monita ba."

Na ce ai ba ita ake duka ran Asabar ba. Ta ɗauki tirenta ta shige kicin.

Abin da na yi a mako na biyar shi ne wanda har yau ba na son tunawa, shi ya sa zan faɗe shi yadda yake. Ranar Alhamis ce, Baba yana taron malamai, Mama ta tafi taron matan zumunta da ƙannena. A Asabar ɗin da ta wuce shida na sha, hannuna bai gama sacewa ba. Ƙarfe uku na yi na kwance kejin na shiga da shi falo, na rufe ƙofa da tagogi kamar dā. Ya gane. Duk da yunwa da tsinke da baho, ya fara rawa a kan sandarsa yana kaɗa kai. Na buɗe ƙofar na miƙa yatsa, na sassauta murya yadda na saba.

"Hau," na ce.

Ya tsaya jim kaɗan yana kallon hannun. Sannan ya ɗago ƙafa ya hau. Ba shi da nauyi ko kaɗan, ƙashin ƙirjinsa ya fito. Ya bi hannuna zai hau kafaɗa, ya sunkuyar da kai.

Na damƙe shi da hannu biyu, na fita da shi bayan gida inda duron ruwan sama yake. Na ce ya faɗa. Bai faɗa ba, na tsoma shi har kai. Na ɗago, na ce ya faɗa. Na sake tsomawa. Ban san sau nawa ba. Ina jin zuciyarsa tana bugawa a tafina, a daidai inda bulala ta kwanta, kuma ina jin daɗin cewa yau wani ne a hannuna. A tsomawar ƙarshe ya samu babban yatsana ya datsa har ƙashi. Na yi wurgi da shi cikin keji na rufe. Tabon yana nan, in ina riƙe alƙalami ina ganinsa.

Bai mutu ba. Ya kwana biyu a ƙasan keji gashi a tashe, sannan ya hau sanda. Amma ya daina zuwa ƙofa da ƙarfe uku, ya daina kira. Ya samu sabon aiki: ya sa baki ya tsige gashin ƙirjinsa ɗaya bayan ɗaya, ya jefar. Kowace safiya in share toka-tokan gashi a baranda. Kafin mako ya zagayo ƙirjin ya zama tsirara kamar na kazar da aka fige.

Ran Laraba ta mako na shida na fito da safe da tsinkena. Ina ɗaga shi, tun ban buɗe baki ba, sai na ji daga lungun keji:

"Gud monin, sa."

Muryata ce. Ba wadda nake magana da ita kullum ba, wadda nake masa ihu da ita, mai kaifi, haƙora a cije. Na sauke tsinken, ya yi shiru. Na ɗaga, ya faɗa. Na ruga ofis ban ko sa takalmi ba na gaya wa Baba. Ran Asabar na tsaya a bayansa da tsinke a hannu, aku ya ci jarrabawa, ni kuma na wuni da hannuna lafiya. Baba ya ce a ci gaba da tsare shi har sufeto ya zo ya tafi, kada hutu ya sa ya manta.

Sufeton ya zo ran Talata a kan babur, wani gajeren mutum mai fara'a da tabarau. Ya zagaya azuzuwa, ya duba littattafai, da rana Baba ya kawo shi gida tare da malamai biyu. Mama ta yi tuwon acca da miyar karkashi da kaza. An shigo da keji an ɗora a kan tebur a tsakiyar falo. Baba ya riga ya yi bayanin ƙirjin, ya ce lokacin canza gashinsu ne. Na tsaya a gefen kujerar baƙo, na ɓoye tsinken a jikin siket, na ɗan fito da kansa yadda aku kaɗai zai gani.

"Gud monin, sa."

Sufeto ya ajiye loma ya tuntsire da dariya har tabaransa ya zame. Malamai suka tafa. Ya ce a sake, aka sake. Ya ce ya zagaya makarantu da yawa amma bai taɓa zuwa inda har tsuntsu ya san ladabi ba. Sannan ya tambaya ko yana fitowa, yana so ya gan shi da kyau.

"Sosai," in ji Baba. Ya juyo gare ni fuskarsa a sake. "Ya ci jarrabawa, hutunsa ya dawo. Buɗe masa."

Abin da nake jira ke nan mako bakwai. Duk abin da na yi, ina gaya wa kaina don wannan ƙofa ta buɗe ne, in ta buɗe kuma komai zai koma yadda yake. Na yar da tsinken a bayan kujera. Na zare ƙugiyar, na miƙa yatsa, na ce "hau".

Ya ja da baya har ya manne da waya. Na ƙara tura hannu. Ya ƙanƙance, ya lumshe ido, ya fara faɗa wa hannuna: "Gud monin sa, gud monin sa, gud monin sa", da sauri, ba numfashi. Baƙi suna ta dariya, sun ɗauka zumuɗi ne. Ni kaɗai a falon na san roƙona yake yi. Ni da Mama, wadda ke tsaye a bakin ƙofa da kwanon wanke hannu.

"Fito da shi mana," in ji Baba.

Na kama shi na ɓamɓare yatsunsa daga waya ɗaya bayan ɗaya. Bai cije ni ba, da ma ya cija. Na sauke kejin ƙasa, na kai akun can bakin bango na ajiye a siminti, a falon da ya san kowane lungu nasa. Bai kalli kujera ba, bai kalli kowa ba. Ya taho da gudu da tsiraicin ƙirjinsa, yana tuntuɓe, ya ratsa ta tsakanin takalman malamai, ya kama waya ya shige keji, ya koma lungunsa ya juya mana baya.

Sufeto ya buga cinya.

"Hedimasta, wannan ya fi gaisuwar! An buɗe masa ƙofa ya koma da kansa. Wa ya hore shi haka?"

Mama ta ajiye kwanon a ƙasa ta fita. Baba ya miƙo hannu ya jawo ni gabansa, ya ɗora tafinsa a kaina a gaban baƙi, abin da bai taɓa yi ba tun da na yi wayo.

"'Yata ce, ranka ya daɗe," ya ce. "Ita kaɗai ta yi aikin. Wannan malama za ta zama."

Ina iya hango bayan akun daga inda nake tsaye, yana karkarwa. Na san abin da na kashe, na san kuma ba zai dawo ba. Amma hannun Baba yana da ɗumi a kaina, sufeto yana gyaɗa min kai, sai na ji bakina ya buɗe da murmushi. Na ce, "Na gode, sa."